Awon Ɗan Kawu

Shekarar da nake aji biyar Yaya ta karɓi lasisinta, ta fara aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a Utaibiyya, cikin Makka, irin wanda muke kira mustausaf. Ƙaramar nas ce a ɓangaren yara. Aikinta ta auna nauyin jariri da tsawonsa, ta duba zafin jiki, ta rubuta a kati, ta riƙe cinya idan za a yi allurar rigakafi. An ba ta wata uku na gwaji. Idan shugabar nas-nas ta sa hannu a takardarta, aiki ya zauna. Idan ba ta sa ba, Yaya ta dawo gida ta ci gaba da taya Umma yankan albasa, bayan duk shekarun da ta yi tana haddace sunayen ƙasusuwa.

Makarantarmu layi biyu ne tsakaninta da asibitin. Da an tashe mu sai in taka wurin Yaya, in zauna har Baba ya zo ya kwashe mu tare. A ɗakin awo akwai wata 'yar kujerar roba ta yara a kusurwa, ita ce mazaunina. Daga kanta ba a cika ganin fuskokin mutane ba, sai ƙasan abubuwa. Na san inda wani ya manna cingam a ƙarƙashin tebur. Na san wadda ta sa safa kala biyu. Sikelin jarirai kuwa, wani farin faranti ne mai kama da kwale-kwale, da ɗan gilashi a gaba inda lamba take fitowa, kuma gefensa daidai idona yake.

Shugabar nas-nas 'yar Masar ce, kowa Ra'isa yake ce mata, wato shugaba, a gaban idonta kuma Abla, wato babbar yaya. Takalminta yana kuka ƙii-ƙii a kan tayil, don haka ana jin zuwanta tun daga wurin karɓar magani. Da an ji shi sai kowa ya gyara tsayuwa, har da uwayen da ba ruwansu.

A cikin wata na biyu na gwajin Yaya matar Kawu ta haihu, namiji, kafin lokacinsa ya cika. Ɗan ƙarami ne sosai. Likita ya ce lafiyarsa lau, amma a riƙa kawo shi awo duk Talata, a ga ko yana ƙaruwa. Uwar tana wanka, ba ta fita sai ta yi arba'in, saboda haka kakanninsa biyu suka raba zuwan, mako-mako. Ɗaya Kakarmu ce, wadda ta haifi Umma da Kawu, tana zaune a Misfala. Ɗayar Hajiya ce, uwar mai jego, wadda ta taso daga Ka'akiyya da tukunyarta ta tare a gidan Kawu, tana dama wa 'yarta kunun kanwa safe da yamma.

Talatar farko Kaka ce ta kawo shi. Ƙa'idar awo ita ce a tuɓe jariri tsirara a ɗora shi, kowa ya ja da baya. Yaya ta faɗi haka.

"A wannan sanyin?" in ji Kaka, tana nuna mukayyif da haɓa, wato na'urar sanyaya ɗaki. "Ke ki tuɓe ki hau mu gani."

"Kaka, minti ɗaya ne."

"Angona ba ya kwanciya a kan roba kamar kifi. Da bargonsa ya zo, da bargonsa zai hau."

Yaya ta nemo dabara. Ta ɗora bargon shi kaɗai, ta danna maɓalli lamba ta koma sifiri, sannan aka kwantar da yaron a ciki. Kaka ta sunkuya a kansa tana yi masa wasa. Yaya ta zuba wa gilashin ido. Ni kuma na ga hannun Kaka ya sulale ƙarƙashin bargo, ya shiga bayan yaron, jijiyar wuyan hannunta ta miƙe. Ɗaga shi take yi, kaɗan, kamar mai gwada nauyin kankana.

Yaya ta karanta lambar a fili.

"Ke!" Kaka ta waiga ta dubi matan da suke jira a bakin ƙofa. "Wa ya ce ki yi shela? Ba ki san bakin mutane ba?" Sai ta ɗaga murya don matan su ji. "Ɗan tsurut ne, bayin Allah. Ba komai a jikinsa sai idanu."

A nan na gane. Kaka tana tsoron kada a ji yaron yana ƙiba a yi masa baki. Gara lamba ta fito ƙarama, kowa ya tausaya ya wuce.

Talata ta biyu Hajiya ta zo. Yaya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tambayi mai jego, ta tambayi mutanen Ka'akiyya ɗaya bayan ɗaya, duk ba ta ɗaga ido ba. Surukar Kawu ce, ba a kallon fuskarta. Aka yi dabarar bargo, aka kwantar da yaro. Hajiya ta tsaya kusa, ta dafa gefen farantin kamar mai ciwon gwiwa da ta sami abin jingina. Hannun abayarta ya rufe komai daga sama. Daga ƙasa kuwa ga babban yatsanta nan, ja da lalle, ya danne bakin farantin har gefen farcen ya yi fari.

Yaya ta karanta lambar a hankali, don ta tuna faɗan makon jiya.

"Ban ji ba, 'yar nan."

Ta maimaita.

"Kunnen ne ya tsufa. Ɗan ɗaga murya."

Sai da Yaya ta faɗa sau uku, har wata mata a baya ta ce ma sha Allah, sannan Hajiya ta ji. Ita kununta ne a kan sikeli. Idan yaro bai ƙaru ba, dangin miji za su ce ba ta iya kula da mai jego ba, kuma ba ta baro gidanta da tukunya don a faɗi haka ba.

Mako na uku Kaka ta dawo, yaro ya rame. Mako na huɗu Hajiya ta dawo, yaro ya cika ya batse. A katin awo akwai wani layi da ake ja daga ɗigo zuwa ɗigo, wanda ya kamata ya riƙa hawa a hankali. Na ɗan Kawu ya koma kamar haƙoran zarto.

Ranar nan muka ji ƙii-ƙii ya nufo mu, bai tsaya ko'ina ba. Ra'isa ta shigo da katin a hannu. Da Larabci suke magana, amma ga abin da ta ce.

"Ya binti, 'yata, wannan jariri ne ko balan-balan? Wannan makon a hura, wancan a sace?"

"Abla, abin da sikeli ya nuna na rubuta."

"Na sa an duba sikeli, lafiyarsa ƙalau. Likita yana shirin tura yaron mutane a ɗebi jininsa saboda wannan zanen naki. Jariri ɗaya aka ce a sa wa ido, shi ne kika kasa." Ta ajiye katin a kan tebur. "Talata zan tsaya a kanki. Idan ban ga awo na gaskiya ba, ba zan sa hannu ba. Magana ta ƙare."

Za a ce me ya hana ni magana tun farko. Ni dai na ɗauka kowa ya sani. Na zaci haka manya suke yi, kamar yadda Umma take danna tumatir a kasuwa ba wanda yake ce mata komai. Ban da haka, ko a aji idan malama ta kira ni sai ta matso kusa kafin ta ji amsata.

A gida Yaya ta aro sikelin girki a wurin maƙwabciyarmu, ta shiga auna duk abin da ta gani. Ta auna buta. Ta auna takalmin Baba, dama daban hagu daban. Kowane abu sau uku, tana rubutawa, tana neman inda hannunta yake kuskure. Umma ta leƙo ta ce idan ta gama ta zo ta auna mata haƙurinta, don ya kusa ƙarewa. Da la'asar ɗin Laraba na sami Yaya a tsakar gida ta naɗe kyanwarmu a tawul tana ƙoƙarin kwantar da ita a cikin roba. Kyanwar ta yakushe ta a hannu ta gudu. Yaya ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa. Ba ta yi kuka ba, amma saura kaɗan.

"Yaya."

"Ki ƙyale ni."

"Kaka ɗagawa take yi."

Ta ɗago. "Ɗaga me?"

"Yaron. Ta ƙarƙashin bargo. Hajiya kuma dannawa take yi da wannan yatsan."

Na nuna mata yadda kowacce take yi, da robar kyanwa. Ta daɗe tana kallona.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Wata guda! Wata guda kina zaune kamar tulu kina kallo? Na auna takalmin Baba!"

"Ba ki tambaye ni ba."

Ta ɗauki tawul ta jefe ni da shi, sannan dariya ta kama ta har ta kwanta a ƙasa. Can sai dariyar ta tsaya cak, don ta tuna su waye za ta hana.

Ranar Juma'a muka je Misfala gaida Kaka. Sai da muka kutsa cikin masu zuwa Harami a ƙasa kafin muka kai ƙofarta. Yaya ta zauna ta natsu, ta yi fuskar aiki, ta yi mata bayani dalla-dalla. Matsalar ita ce, tun Yaya tana rarrafe ba su taɓa yin maganar da ba tsokana ba ita da Kaka. Duk abin da jika ta faɗa, a wurin Kaka wasa ne.

"Ni? Tallafar angona nake yi, kada ya mirgino."

"Kaka, kwanansa talatin, ba ya mirginawa."

"Ji mini yarinya. Ke da na wanke wa kashi da hannun nan, yau ke ce za ki koya masa inda zai tsaya?"

"Za a kore ni fa."

"Su kore ki mana. Ki zo ki riƙa auna mini garin tuwo, ni ba ruwana da lasisi."

Ta cika mana jaka da dabino ta sallame mu.

Hajiya kuwa ba ta inda za a fara. Yaya ta roƙi Umma ta je ta yi mata magana. Umma ta ajiye ludayi ta dube ta.

"Ni in je gidan ƙanena in ce wa surukarsa ta ɗauke yatsanta? Ki bar ni in ƙarasa rayuwata da mutuncina."

Talata ta zo, makon Kaka ne. Yaya ta ce da sauƙi, mutum ɗaya ce. Tun kafin su iso ta kashe mukayyif don kada a kawo zancen sanyi, ɗakin ya ɗauki zafi har kujerata ta fara manne mini. Sai ga Kaka da yaro a kafaɗa, ga Hajiya a bayanta da jakar kayansa. Ashe Kawu ya faɗa a gida cewa yau babbar nas za ta duba da kanta. Hajiya ta lura a makon Kaka ne jikanta yake ramewa, ba za ta bari a nuna shi ga babba a makon rama ba tana zaune a gida.

Suka gaisa da juna kamar ba mota ɗaya ta kawo su ba. Ra'isa ta shigo ta harɗe hannu ta tsaya. Aka tuɓe yaro, ba bargo, aka kwantar da shi. Ya buɗe baki ya tsala kuka. Nan take tafin hannun Kaka ya shige bayansa, wai lallashi. Hajiya ta dafa gefen faranti, wai gwiwa. Lamba ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Fuskokinsu ba abin da ya nuna, murmushi kawai suke yi wa yaron, amma daga inda nake ina ganin wannan tana ɗagawa, waccan tana dannawa. Kokawa suke yi, ɗan Kawu yana tsakiya.

Ba bargo yau, don haka Ra'isa ma ta gani. Ta sauke tabaranta ta duba da kyau, ta mayar.

"Ku ɗauke hannuwanku," ta ce da Larabci.

Kaka ta fi shekara arba'in a Makka. Na sha ganin ta tana ciniki da Larabci har mai kanti ya roƙe ta ta tafi. Ta juyo ta dubi Yaya da fuskar baƙuwa.

"Me baiwar Allah take cewa?"

"Ni ma ban kama ba," in ji Hajiya.

"Fassara musu," in ji Ra'isa.

Yaya ta ce, "Kaka, an ce ki cire hannu."

"Ke dai kika ce."

Yaya ta juya wajen Hajiya, ta sunkuyar da kai. Bakinta ya motsa, amma maganar a tayil ta ƙare.

Ra'isa ta jawo takardar gwajin daga cikin fayil ta ajiye a tebur. "Yanzu na ga ba idonki ne ya lalace ba," ta ce. "Amma ɗakin yara rabinsa kakanni ne. Nas ɗin da ba za ta iya da su ba, ba za ta iya da ɗakin ba. Ina jira."

Yaya ta kwashi kayan yaron ta miƙa wa Kaka ta riƙe. Kaka ta karɓa da hannu ɗaya ta wurgo mini a cinya. Yaya ta miƙa wa Hajiya kati da hannu bibbiyu cikin ladabi. Hajiya ta karɓa ta maƙale a hammata. Gumi yana bin gefen fuskar Yaya yana shiga farin mayafinta. Matan bakin ƙofa sun daina hira, sun matso.

Sai na ga Yaya ta durƙusa a tsakanin tsofaffin biyu, gwiwa biyu a ƙasa.

"Kaka, Hajiya, ku gafarce ni, na yi babbar mantuwa. Mako biyar ke nan ina ɗora yaron nan a kan abin nan, ban taɓa neman a yi masa addu'a a kai ba. Ga shi yau Allah ya haɗa mana manya biyu. Ban san wadda za ta ja mana ba."

Yaro yana ta kukansa. Kaka ta saci kallon Hajiya. Hajiya ta saci kallon Kaka. Ba wadda za ta yarda a koma gida a ce ɗayar ce ta yi wa jika addu'a ita tana riƙe da roba. Kaka ce ta fara zare hannu ta ɗaga tafuka biyu sama. Kafin ta ce bismillah Hajiya ta ɗaga nata, kati ya faɗo ƙasa, na ɗauka.

Lamba ta yi rawa sau biyu ta tsaya.

Matan ƙofa suka ɗaga hannu. Ra'isa ma ba yadda za ta yi, ta ɗaga nata, ido ɗaya a rufe ɗaya a kan gilashi. Yaya ta miƙe a hankali, ta karɓi kati a hannuna, ta rubuta, tana amin amin.

Kaka ta yi wa yaro addu'a, ta yi wa iyayensa. Tana tsayawa jan numfashi Hajiya ta karɓe, ta yi wa nonon uwarsa da duk wanda ya dama abin da uwar ta sha. Kaka ta dawo ta nema masa tsari daga bakin mutum da idon mutum, na nesa da na kusa, ta ɗan ja kalmar kusa. Hajiya ta roƙa wa tsofaffi lafiyar hannu, Allah ya sa su san inda suke sa shi. Daga nan aka wuce kan alhazai, da damina a gida, da masu ciwon gwiwa. Yaya ta ɗauke yaro ta sa masa kaya, ya yi barci, ba su sani ba. Ba wadda take so ta riga shafawa. Wata mata a baya hannunta ya gaji ta sauke ɗaya ta bar ɗaya. Daga ƙarshe Ra'isa ce ta ce amin da ƙarfi, irin wadda take rufe magana, kowa ya shafa.

Ta karɓi katin ta duba. Ɗigon yau ya faɗo tsakanin ramar Kaka da ƙibar Hajiya, daidai inda likita yake so. Yaron yana ta ƙaruwa abinsa tun farko.

"Nawa ne?" in ji Hajiya.

"Kada ki kuskura," in ji Kaka.

Yaya ta sunkuya ta raɗa wa Hajiya a kunne. Wannan karon sau ɗaya ta ji. Suka fita, kowacce tana cewa ita za ta riƙe yaron a mota.

Ra'isa ta zauna a bakin tebur ta jawo takardar. Ta daɗe tana kallon Yaya ta saman tabarau, sannan ta sa hannu, ta buga hatimi.

"Mako mai zuwa haka za ki sake yi," ta ce. "Amma ki gaya musu su taƙaita. Mutane suna jira."

Yaya ta karɓi takardar ta riƙe ta a ƙirji da hannu biyu.

"Abla," ta ce, "wannan kam sai dai ke ki gaya musu."